Hawainiyar Malam Tanimu

Duk yaron da aka kawo mini koyon aiki a layin buta, abin da nake fara yi shi ne in miƙa masa wuƙar yanke geza in nuna masa inda zai tsaya. Nan da nan za ka ga ya ɓata rai, domin a zatonsa an kawo shi ne ya riƙa danna maɓalli da hannu ɗaya yana latsa waya da ɗayan. Wani ma ya taɓa ce mini wai ai buta ba wani abu ba ce, roba ce kawai aka hura wa iska. Na ce masa ya yi gaskiya, shi ma ƙasa ce aka hura wa rai, amma ga shi har ya samu bakin magana. Ban yi fushi ba, don ni ma da irin wannan tunanin na shigo kamfanin nan na Sharaɗa ina saurayi, kafin maigidana Malam Tanimu ya fitar mini da shi daga ka da gindin buta.

Bari in faɗa muku yadda buta ke zuwa duniya, tunda kullum kuna riƙe ta ba ku taɓa tambaya ba. Akwai ƙwayar roba fara, kamar shinkafa, ana zuba ta a mazurarin da ke saman inji tare da 'yar ƙwayar launi. Wani dogon sukuru yana tura ta cikin bututu mai zafi har ta narke ta zubo ƙasa a miƙe, da rami a tsakiyarta. Sai mol, wato ƙarfen da aka sassaƙa siffar buta a cikinsa, ya rufe a kanta, iska ta hura ta har ta cika ko'ina, ruwan sanyi ya kama ta, mol ya buɗe, buta ta faɗo da zafinta. Daga nan mai wuƙa ya yanke gezar da ta fito a gefe, ya buɗe hanci. A baki kam ba wuya. Amma in zafi ya yi yawa gindin buta zai fito ba kauri, ta yi wata biyu ta fara yoyo. In ruwan sanyi ya yi ɗumi sai ta motse ta karkace. In kuwa aka ɗauke wuta roba tana cikin bututu ta daskare, ranar kowa sai ya ji a jikinsa.

Aikin da ya fi kowanne wuya shi ne sauya launi, kuma a nan sunan Malam Tanimu ya fita. Mutumin Gumel ne, dogo siriri, ba ya son yawan magana, kuma fararen kaya yake sawa a wurin da kowa ke yawo da baƙin mai a riga. Ban taɓa ganin ɗigo a jikinsa ba. In za a tashi daga shuɗi a koma ja, ragowar shuɗin da ya maƙale a sukuru yakan biyo jan, sai butocin tsakani su fito roɗi-roɗi, nan ja, nan shuɗi, nan wani abu da ba shi da suna. Kowane kamfani yana fama da wannan. Shi Malam ya san lokacin da zai bar mazurari ya kusa ƙarewa, ya san yadda zai wanke bututu da farar roba, har butocin tsakanin nan su ragu su zama 'yan kaɗan. Yakan ɗaga buta ya saita ta da hasken taga yana juyawa a hankali. In ya ga zare ɗaya na wani launi, sai ya kira wanda ke kan inji, ya ƙwanƙwashe shi da ita, ya ce launi ɗaya, magana ɗaya. Na sha wannan ƙwanƙwasa har na daina ƙirgawa, kuma ban taɓa shan ta a kan ƙarya ba.

Su butocin tsakani ba a mayar da su injin niƙa, domin in ka niƙa ja da shuɗi tare launin ruwan kwata za su ba ka. Don haka ake tara su a bayan sito. In Sallah ta zo a bar ma'aikata su ɗiba, 'yan Jigawa da 'yan Nijar su tafi da su gida tsaraba. Sauran kuma ana zuba wa manyan masu saye a matsayin gyara. Wadda ta fi kowa karɓa ita ce Hajiya Mariyama, wata 'yar kasuwa daga Maraɗi da ke zuwa da babbar mota tana lodi. Ita ce ta raɗa musu suna hawainiya. Kullum in an gama lodi sai ta ce a ƙaro mata hawainiya, mu kuma mu ɗauka son banza ne irin na 'yan kasuwa. Malam Tanimu yakan juya baya in ana loda su, don shi a wurinsa abin kunyarsa ne ake fita da shi ƙofar kamfani. Cikinmu ba wanda ya taɓa tambayar Hajiya me take yi da su.

Sai shekarar wahala ta zo, wadda duk tsohon ma'aikaci a Kano ya san ta ko bai faɗi sunanta ba. Wuta sai ta yi kwanaki ba a gan ta ba, man janareta ya gagari masu kamfani. In ka bi ta Bompai ko Challawa sai ka ga ƙofofi a garƙame, maigadi yana shanya kuɓewa a inda manyan motoci ke juyawa. Mu ba a rufe mu ba, amma oda ta koma 'yar ƙarama. Wannan ya ce a yi masa kore kaɗan, wancan ya ce ja kaɗan, sai mu wuni muna sauya launi. Hawainiya ta yi yawa har bayan sito ya cika. Malam ya rame a shekarar nan, kuma na tabbata ba yunwa ce kaɗai ta ramar da shi ba. Hajiya Mariyama kuwa ba ta fasa zuwa ba ko sau ɗaya, muna ta yaba mata riƙon amana.

Da abubuwa suka ɗan daidaita, ɗan mai kamfani ya karɓi ragama ya zama manaja, ya sayo sabon inji daga waje, ya ɗauko wata yarinya da ta karanta aikin injiniya, Nafisa, ta kula da shi. Ku da kuka tarar da shi ba za ku gane abin da muka ji ba ranar da aka kunna shi. Inji ne da ke auna launi da kansa, ya wanke cikinsa da kansa, ga allo kamar na talabijin yana nuna zafin kowane lungu. In wani abu ya kusa lalacewa shi zai faɗa maka tun kafin hancinka ya ji ƙauri. Ni dai na tsaya baki buɗe, na ce lalle ɗan Adam ya yi nisa. Ita kuma Injiniya Nafisa ba irin masu tsayawa daga nesa da takarda ba ce. Takan ɗaure mayafinta tam ta shiga ƙarƙashin inji da sifana, ta fito ta gaishe da kowa da sunansa.

Duk mun zaci Malam Tanimu zai ƙi injin nan, kamar yadda tsofaffi suka saba. Ashe ba mu san shi ba. Da aka tashi daga ja zuwa shuɗi a gabansa, buta ta faɗo shuɗiya tsantsa, ya ɗauka ya kai taga ya daɗe yana juyawa. Sannan ya ce alhamdu lillahi, ya ga abin da ya yi rayuwarsa yana nema. Injiniya ta ce ya riƙe ta, ta ba shi. Murna yake yi tsakani da Allah, har na ga haƙoransa, abin da ba kasafai ake gani ba.

Murnar ba ta kai gare mu ba. Manaja ya tara mu ya ce sabon inji zai yi aikin tsoho ya ninka, don haka an sayar da tsohon ga 'yan gwangwan masu sayen tsohon ƙarfe, ƙarshen wata za su zo su yanka shi. Malam Tanimu za a bar shi ya riƙa duba kaya. Mu da ke kan tsohon layi kuwa, ni da masu zuba roba da masu wuƙa da masu ɗauri, an gode mana. A cikinmu akwai Isufu, wani ɗan Nijar mai yanke geza, wanda bai jima da ɗauko iyalinsa ya kama ɗaki a Ɗorayi ba. Ni ma a lokacin ina da 'ya'ya a makaranta, kuma ban iya komai ba a duniya sai buta. Tsoro ya kama ni sosai, ba zan ɓoye ba.

Ana cikin haka Hajiya Mariyama ta iso da motarta. Manaja da kansa ya zagaya da ita sito yana nuna mata kaya, shuɗi a jere, ja a jere, ba tabo ba zare. Ta duba, ta yaba, sannan ta tambayi inda aka ajiye hawainiya. Ya yi murmushi ya ce ai an wuce wannan zamanin, yanzu ko da fitila aka nema ba za a samu ba. Sai Hajiya ta nemi kujera ta zauna.

Ta ce, "Ɗana, kai ka taɓa zama gidan haya? Ɗaki goma, famfo guda, bayi guda. Kowace mace tana da butar bayi daban, ta alwala daban. In duk shuɗɗa ne iri guda, wa za ya gane tasa? Hawainiya kuwa ba a samun biyu masu kama. Mutum ko a tasha ya aje ta, daga nesa ya san abarsa. Ni hawainiya nike saidawa, waɗanga masu launi guda bin ta su kai."

Wato shekara da shekaru muna ba ta gyara, ashe a can gyaran ne kayan, kayanmu da muke alfahari da su kuma su ne gyara. Ta ce za ta yi kwanaki a Kano tana wasu sayayya. In an samu hawainiya a kira ta, in ba a samu ba za ta leƙa Bompai, akwai masu tsofaffin injuna da ba su waye ba tukuna. Manaja ya san in ta tafi ba ita kaɗai za ta tafi ba, domin 'yan kasuwar can sawunta suke bi.

Injiniya Nafisa ta ce a ba ta dama. Ta zauna gaban allo ta koya wa sabon inji ya riƙa saka launi biyu. Abin mamaki ya yi, ya fito da buta mai zane ja da ruwan ɗorawa, kyakkyawa ƙwarai, ta fi duk wata hawainiya da muka taɓa yi tsari. Muka yi ta tafi. Da ta biyu ta faɗo sai muka ga ita ce ta farko, ta ukun ma haka, zane ɗaya a wuri ɗaya, ko uwarsu ba za ta bambance su ba. Aka jera wa Hajiya, ta dube su ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce wa Injiniya ai sojoji ta yi mata. Yarinyar nan ba ta ji haushi ba, ita ma dariyar ta yi. Ta gaya wa manaja gaskiya, cewa ana iya sa inji ya riƙa sauya zane, amma sai an yi odar wasu kaya daga waje, kuma kafin su iso Hajiya ta daɗe da sauya kamfani.

Ni kuma da na ga ƙofa ta ɗan buɗe, na ce ai ɓata launi ba sai an koya wa mutum ba, tunda a kansa na sha duka. Na kunna tsohon inji, na kamfato ja da shuɗi da kore na watsa a mazurari. Abin da ya fito ko a kyauta ba mai karɓa, launin ruwan kwata sak. Na sake, na rage, na ƙara, duk ɗaya. A ranar na gane cewa hawainiyar da ke yi wa mutane kyau ba haka kawai take faɗowa ba. Tana fitowa ne daga hannun mutumin da ke yaƙi da ita, wanda ya san daidai inda launi yake a cikin bututu a kowane lokaci. Mutum ɗaya ne a kamfanin ya san wannan.

Injiniya ce ta je ta same shi a bakin taga, ina tsaye. Ta rusuna ta ce, "Baba, injina ya iya daidai, amma bai iya daban ba. Ku ne kaɗai za ku iya."

Malam Tanimu bai ɗago ba. Ya ce, "'Yata, yaran da na ƙwanƙwasa a kan wannan abu, wasu sun yi jikoki. In na yi shi da hannuna da gangan, me zan ce musu?"

Ta miƙe ta koma wurin injinta. Na so in ce masa ni ɗaya ne daga cikin yaran, kuma na yafe, amma ba a yi wa Malam irin wannan maganar. Kwanaki suka wuce, ba ya ko kallon inda tsohon inji yake. Isufu ya fara tambayar kuɗin mota zuwa gida.

Ranar da 'yan gwangwan suka zo da tukunyar gas da abin yankan ƙarfe, sun iso ana kiran azahar, sai suka ce bari a yi salla tukuna. Masallacinmu rumfa ce a gefen famfo. Tun da sabon inji ya zo kowa ya yar da tsohuwar butarsa ya ɗauki shuɗiya sabuwa, har da waɗanda ake ajiyewa a ƙofar bayi. Malam ya zo ya ɗauki buta a bakin famfo, ya tsuguna, ya wanke hannu, ya kai ruwa baki ya kurkure. Sai Isufu ya matso ya rage murya ya ce, "Baba, wannan ta bayi ce. Taku ga ta can."

Mutumin da ko ɗigon mai ba ya yarda ya taɓa rigarsa. Ba wanda ya yi dariya, amma na ga kafaɗu suna rawa a bayansa. Malam ya zubar da ruwan, ya ɗauko tasa, ya sake alwala daga farko a natse, ya yi salla. Da aka sallame ya daɗe a zaune yana kallon 'yan gwangwan da suka fara jan tiyon gas zuwa cikin layi, sannan ya dubi Isufu, ya dube ni. Ya miƙe ya ce in je in ɗora wa tsohon inji zafi.

Injiniya Nafisa ce ta ruga ofis ta roƙi manaja a dakata zuwa la'asar, ta dawo ta tsaya a gaban inji da kanta don kada masu yanka su yi gaggawa. Da zafi ya kai, Malam ya naɗe hannun farar rigarsa, ya sa aka kawo masa gwangwanin madara da zai riƙa ɗiban launi da shi. Ya bar shuɗi yana tafiya shi kaɗai. Ya ɗebi ja ya zuba a gefe ɗaya na mazurari, bai gauraya ba, ya kasa kunne yana jin ƙarar sukuru. Can ya ɗebi ruwan ɗorawa da yatsu uku ya jefa a ɗaya gefen. Ya ce mini, ba tare da ya kalle ni ba, launuka su haɗu a hanya, kada a bari su zauna tare. Kowane zubi da yadda yake yinsa, wani da yawa, wani kaɗan, wani ya jinkirta. Butoci suka fara faɗowa, wata kamar an watsa mata wuta, wata jan ya nannaɗe ta tun daga hanci har gindi, ba wadda ta yi kama da 'yar'uwarta. Isufu yana ta yanke geza. Shi kuwa Malam ko ɗaya bai ɗaga ya kai taga ba.

Injiniya ta ɗauki hotuna a waya ta tura wa Hajiya. Kafin la'asar sai ga ta a adaidaita-sahu. Ta ɗauki wannan ta ajiye, ta ɗauki waccan, sannan ta ce a kira direbanta ya kawo mota. Manaja ya fita ya sallami 'yan gwangwan, suka naɗe tiyonsu, babbansu ma har ya roƙi buta ɗaya ya tafi da ita. Tsohon layi bai tsaya ba daga ranar, kuma ba wanda aka sallama. Da yamma na tambayi Malam ko don bakinsa da ya kurkure da butar bayi ya yi ko don mu. Ya ce in je in share gezar da ta taru a ƙarƙashin inji. Na tafi ina share ƙasa ina jin ƙaunar mutumin nan kamar mahaifina.

Bayan haka Injiniya takan jawo kujera ta zauna kusa da shi da kwamfutarta, tana tambaya yana amsawa. Ita ce ta ɗaura wa tsohon inji wata 'yar na'ura da ke riƙe zafi kada ya yi sama da ƙasa, Malam ya ce da ya same ta tun yana saurayi da kawunan yara da yawa sun huta. Ni kuwa sai da na fi daɗewa ina koyon hawainiya fiye da yadda na daɗe ina koyon launi tsantsa, kuma a kanta ma na sha gindin buta. Shi ya sa ku ma ba zan ba ku gwangwanin nan ba sai kun iya fitar da shuɗi wanda ba zare a cikinsa.

Ma'aikata duk suka koma hawainiya, kowa ya zaɓi tasa. Malam Tanimu dai bai taɓa yin alwala da ita ba har ya bar aiki. Ya riƙe shuɗiyar nan da Injiniya ta ba shi, ya ce tunda duk mun zama roɗi-roɗi, tasa ta fita daban. Ranar da ya yi sallama da mu ya bar ta a bakin famfo, ya koma Gumel, can Allah ya karɓi abinsa. In kun je salla za ku gan ta a kan dakali ta hannun dama. Rana ta ci gefe ɗaya ya yi fari, ruwa ya zana mata layi a wuya, ta fara zama hawainiya da kanta. Har yau ba wanda ya taɓa ɗaukar ta bisa kuskure.